LABARIN BANJU: YADDA AKA KOYI SA MUTUM BARCI, DA YADDA AKA KOYI TASHE SHI

Sau da yawa in aka kai mara lafiya asibiti, likita ya duba shi ya ce sai an yi masa fiɗa, watau abin da a ke kira tiyata, wuƙar ba ta cika ba shi tsoro kamar barcin da za a sa shi ba. Sai ka ji ya ce, "To, in an ba ni banju na yi barci, wa ya san ko zan farka?" Wani ma da jin haka sai danginsa su lallaɓa su ɗauke shi su koma gida, ciwon da da an cire shi cikin rabin awa ya yi ta cinsa har ya kai shi kushewa.

Mu dai ba mu ga laifin mai wannan tambaya ba, gama ita ce ta dami likitocin duniya shekara fiye da ɗari. Gusar da hankalin mutum abu ne mai sauƙi, ko 'ya'yan zaƙami ma sun iya. Inda wuyar ta ke shi ne a san gwargwadon da za a ba shi, a tsare ransa yana cikin barcin, sa'an nan a tashe shi lafiya. Yau za mu ba ku labarin yadda aka koyi wannan, ya ku 'yan makaranta, domin ku ne za a riƙa tambaya a gida in irin wannan rana ta zo, ya kamata kuwa ku sami abin faɗi wanda ya fi jita-jita.

ZAMANIN DA

Tun da can mutane sun san tsire-tsire masu dushe zafi. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya lissafa su cikin littafinsa Al-Ƙanun, ya sa afiyun a kan gaba wajen ƙarfi. Cikinsu har da wani tsiro da Larabawa ke ce wa banj, daga sunansa ne kuwa muka sami kalmar nan tamu, banju. Akwai kuma dabarar jiƙa soso da ruwan irin waɗannan tsire-tsire a kanga wa mara lafiya a hanci. Amma duk aibinsu ɗaya ne, ba su da awo. In an ba da kaɗan mutum ya ji wuƙa, in an ba da da yawa ya zarce. Saboda haka likitoci da yawa suka gwammace su sa ƙarti su danne mutum, su kuwa su yi sauri.

In kuna so ku san yadda abin ya ke, ga labarin wata marubuciya Baturiyar Ingila, sunanta Fanny Burney. A 1811, a birnin Faris, aka yanke mata mama saboda ciwon da a ke zato sankara ce. Wanda ya shugabanci aikin shi ne Larrey, babban likitan sojan Napoleon. Ba abin da aka ba ta sai ɗan ruwan inabi, aka shimfiɗa mata hankici a fuska, tana hangen walƙiyar wuƙar ta cikinsa. Wajen minti ashirin ana aiki tana kururuwa. Ta rayu har 1840, amma sai da ta yi watanni kafin ta iya rubuta wa 'yar'uwarta abin da ya same ta. A wancan zamani gwanin likita shi ne mai saurin hannu, kuma ba mai iya daɗewa cikin ciki ko ƙirjin mutum yana gyara, don ba wanda zai jure.

LIKITAN JAPAN DA ZAƘAMI

Wanda aka tabbata ya fara sa mutum cikakken barci ya yi masa fiɗa, wani likitan ƙauye ne a ƙasar Japan, sunansa Hanaoka Seishu. Ya yi wajen shekara ashirin yana gwada haɗe-haɗen tsire-tsire, babban abin da ke ciki kuwa zaƙami ne, irin wanda ke fitowa a jujinmu. An ce matarsa ta ba da kanta aka yi gwaji, har ta rasa idanunta ta haka. Ran 13 ga Oktoba, 1804, ya shayar da wata tsohuwa mai shekara 60 wannan haɗi, ya cire mata sankarar mama ba ta sani ba. Bayan wannan ya yi irin aikin ga mata wajen 150.

Amma maganinsa sai ya yi awa biyu ko fiye kafin ya kama mutum, in kuwa ya kama babu mai iya janye shi, sai a zauna a jira, wani lokaci har kwana guda. Kuma a zamanin nan ƙasar Japan a rufe ta ke ga baƙi, saboda haka labarinsa bai fita waje ba. Kada wani ya ji wannan ya ce zai gwada zaƙami. Guba ce, ƙarfin wani tsiro ya sha bamban da na wani, ta haukata mutane da yawa, ta kuwa kashe waɗansu.

ISKAR DARIYA DA ETA

A Ingila, a 1800, wani saurayi masani mai suna Humphry Davy ya buga littafi a kan wata iska wadda in mutum ya shaƙa sai ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Ya lura ta rage masa ciwon haƙori, har ya rubuta cewa mai yiwuwa ta yi amfani wajen fiɗa. Ba wanda ya kula. Shekara arba'in da huɗu iskar nan ta zama abin wasa kawai, ana tara mutane su biya kuɗi su ga yadda masu shaƙarta ke tangaɗi. Haka kuma aka mai da wani ruwa mai saurin tashi, mai ƙarfin wari, wanda a ke kira eta.

Daga cikin wasan nan ne masu lura suka tsinci abin. A jihar Jojiya ta Amurka wani likita, Crawford Long, ya ga abokansa in sun shaƙi eta su kan faɗi su ƙuje ba su ji ba. Ran 30 ga Maris, 1842, ya shaƙa wa wani saurayi ita ya cire masa ƙari a wuya. Amma bai buga labarin ba sai 1849, lokacin kuwa wani ya riga ya sha yabon. Wannan darasi ne gare ku, ilmin da ba a rubuta aka watsa ba kamar fitila ce a cikin tulu.

A Disamba, 1844, wani likitan haƙori, Horace Wells, ya je kallon wasan iskar dariya, ya ga wani ya buge ƙafarsa da benci har jini ya fito, bai ko waiwaya ba. Kashegari Wells ya shaƙi iskar ya sa aka cire masa haƙori, bai ji kome ba. Cike da murna ya tafi Bostan a Janairu, 1845, don ya nuna wa ɗaliban likitanci. Amma awon bai yi daidai ba, wanda a ke cire wa haƙorin ya yi ƙara, ɗalibai suka yi wa Wells ihu, ya fita a kunyace.

Tsohon almajirinsa, William Morton, shi ya ci nasara. Ran 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Bostan, ya zo da wata kwalba mai soso a ciki jiƙe da eta, ya sa wani saurayi, Gilbert Abbott, ya shaƙa. Tsohon likita John Collins Warren ya yanka wuyan saurayin ya cire ƙari, ɗakin cike da 'yan kallo, ba a ji kururuwar da aka saba ji ba. Warren ya juya ya shaida wa jama'a cewa wannan ba damfara ba ce. Labari ya ƙetare teku cikin jirgin ruwa, ran 21 ga Disamba na shekarar nan Robert Liston ya yanke wa wani mutum ƙafa a Landan da eta, cikin abin da bai kai rabin minti ba. Da mutumin ya farka sai ya tambaya yaushe za a fara.

Ƙarshen waɗannan mutane abin tausayi ne. Morton ya so ya ɓoye sunan maganin don ya yi arziki da shi, asiri ya tonu, ya ƙare kwanakinsa yana ƙara da jayayya a kan wa ya fara, ya mutu a 1868 ba shi da kome. Wells kuwa hankalinsa ya taɓu, ya kashe kansa a 1848. Gaskiyar magana hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowannensu ya kawo nasa.

KULOROFOM, DA YARINYAR DA BA TA FARKA BA

Eta tana da nata aibi. Tana shaƙe maƙogwaro, tana jinkirin kama mutum, tana sa amai, ga ta kuma da kama wuta, alhali a zamanin da kyandir da fitilar gas a ke aiki. Saboda haka James Simpson, shehun malamin ilmin haihuwa a Edinbara, ya shiga neman wadda ta fi ta. Shi da abokansa biyu su kan zauna da dare a teburin cin abinci suna shaƙar magunguna iri iri. Ran 4 ga Nuwamba, 1847, suka shaƙi kulorofom, ba su san inda su ke ba sai da suka farka a ƙarƙashin tebur. Ga shi da ƙanshi, ga saurin kamawa, ba ya cin wuta, ɗan ɗigo kaɗan a hankici ya isa. Nan da nan duniya ta rungume shi.

Wata uku bai cika ba aka ga ɗaya fuskar tasa. Ran 28 ga Janairu, 1848, a wani ƙauye kusa da Newcastle, aka zaunar da wata yarinya mai shekara 15, sunanta Hannah Greener, za a cire mata farcen yatsan ƙafa. Aiki ne ɗan ƙanƙane, an ma taɓa yi mata irinsa da eta ta tashi lafiya. Aka zuba kulorofom kamar cikin ƙaramin cokali a ƙyalle aka kanga mata. Cikin minti biyu ko uku fuskarta ta yi fari fat, kafin a ce me, rai ya yi halinsa. Ita ce ta farko da aka rubuta mutuwarta ta wannan hanya, waɗansu kuwa suka biyo baya, da yawansu matasa ne masu ƙoshin lafiya, a kan ƙananan ayyuka.

Wanda ya zauna ya yi wa abin tunani shi ne John Snow na Landan, wanda ya mai da ba da banju ya zama sana'arsa. Ya gwada a kan dabbobi, ya auna, ya bayyana cewa barcin banju hawa hawa ne, ya kasa shi mataki biyar, tun daga ɗan maye har zuwa inda numfashi ke tsayawa. Ya nuna cewa in tururin kulorofom ya wuce wajen kashi 5 cikin 100 na iskar da a ke shaƙa, zuciya na iya tsayawa farat ɗaya. Hankici kuwa ba ya awo, saboda haka ya ƙera na'ura mai daidaita tururin. Ya bi labarin mutum 50 da suka mutu ta kulorofom ɗaya bayan ɗaya, aka buga cikin littafinsa a 1858, shekarar da ya rasu.

Shi ne aka kira fada ran 7 ga Afrilu, 1853, sa'ad da Sarauniya Victoria ke naƙudar ɗanta na takwas, Leopold. Ku lura da abin da ya yi. Bai sa ta cikakken barci ba, sai ya riƙa ɗiga mata kaɗan kaɗan duk sa'ad da ciwo ya taso, har minti 53, zafi ya ragu, hankalinta kuwa na jikinta. Watau tun a lokacin ya gane cewa ba kowane aiki ke bukatar barci mai zurfi ba. Bayansa Joseph Clover ya ɗauki aikin, shi ne wanda ya koya wa likitoci kada su ɗauke yatsa daga kan jijiyar mara lafiya muddin yana barci.

GARDAMAR SHEKARA SITTIN

Daga nan likitoci suka rabu biyu. Mutanen Bostan suka riƙe eta, suka ce ko da ta ke da wahala, ta kan yi gargaɗi kafin ta yi ɓarna. Mutanen Edinbara suka riƙe kulorofom, suka ce laifin na mai bayarwa ne, in ya lura da numfashi ba abin da zai faru. A ƙasashe masu zafi kuwa, da wurin yaƙi, kulorofom ya fi karɓuwa saboda wani dalili mai sauƙi. Eta tana tafasa a wajen digiri 35 na ma'aunin zafi, ku kuwa kun san bazarar Sakkwato ko ta Barno ta kan wuce 40, sai ta gudu daga ƙyallen kafin mara lafiya ya shaƙa. Kulorofom sai ya kai 61, kuma 'yar kwalba ɗaya ta isa mutane da yawa.

Har Sarkin Haidarabad na ƙasar Indiya ya shiga maganar. A 1888 da 1889 ya ba da kuɗi aka kafa kwamiti sau biyu bisa roƙon likitan garin, Edward Lawrie, wanda ya yi karatu a Edinbara. Aka gwada a kan ɗaruruwan dabbobi, aka yanke cewa kulorofom ba ya taɓa zuciya sai bayan numfashi ya tsaya. Wannan hukunci kuskure ne, ko da ya ke manya ne suka yanke shi. Sai a 1911 Goodman Levy ya nuna a Landan cewa ko a cikin barci mara zurfi kulorofom na iya birkita bugun zuciya, musamman in jiki ya cika da sinadarin nan da tsoro ke sakarwa cikin jini. Da wannan aka fahimci abin da wataƙila ya sami Hannah Greener, yarinya a tsorace, shekara 63 bayan mutuwarta. Aka kuma gane yana lalata hanta. Sannu a hankali aka bar shi, yau ba a ba mutane shi a asibiti.

A KASHE ZAFI, A BAR MUTUM A FARKE

Ana cikin wannan gardama sai wata hanya dabam ta buɗe. A Viyana, a 1884, wani saurayin likita, Karl Koller, ya lura cewa koken, wanda a ke samu daga ganyen wani itace na Amurka ta Kudu, ya kan kashe harshe in ya taɓa shi. Ya ɗiga ruwansa a idon kwaɗo, sa'an nan a nasa idon, ya taɓa da kan allura bai ji ba. Ba shi da kuɗin jirgin ƙasa, sai wani abokinsa ya kai takardarsa taron likitocin ido a Heidelberg aka karanta ran 15 ga Satumba. Tun daga ranar aka sami ikon yi wa ido aiki mai shi na farke. A Niyok William Halsted ya nuna in aka yi allurarsa kusa da jijiyar ji, duk yankin da ta ke yi wa aiki sai ya mutu na ɗan lokaci. Amma gwajin da ya yi a jikinsa ya jefa shi cikin jarabar koken, ya sha fama da ita. Sai da Alfred Einhorn ya haɗa Novocaine a Jamus, aka fara aiki da shi a 1905, sa'an nan aka sami mai kashe zafi wanda ba ya kama mutum da jaraba.

A garin Kiel na Jamus kuwa, ran 16 ga Agusta, 1898, aka kawo wa August Bier wani lebura mai ciwo a idon sawu, wanda ya sha wuya a hannun banju a da, yana tsoron a sake sa shi barci. Bier ya soka siririyar allura a gadon bayansa, ya zuba ɗan koken cikin ruwan da ke kewaye da laka. Ƙafafun mutumin suka mutu, aka yi aiki yana farke. Bayan 'yan kwanaki Bier da mataimakinsa Hildebrandt suka gwada a kan junansu, har da buga guduma a ƙwauri da ɗana wutar sigari, Hildebrandt bai ji ba. Kashegari ciwon kai ya kama su duka biyu, Bier ya yi kwana tara a kwance. Wannan ita ce allurar baya da a ke yi har yau, amma yanzu da allura siririya ƙwarai, ciwon kan ya yi sauƙi.

KOWANE SABON MAGANI DA SABON TSARO

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Ivan Magill da Stanley Rowbotham suna ba da banju ga sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska a Ingila, suka gwanance wajen zura bututun roba cikin maƙogwaro, don iska ta riƙa wucewa likita kuwa ya sami filin aiki. A 1934 aka fara aiki da wani sabon maganin barci na allura a jijiya a Amurka, mutum ya yi barci kafin ya ƙirga ashirin. Ran 23 ga Janairu, 1942, a Montreal ta Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da kurare, watau dafin da mutanen dazuzzukan Amurka ta Kudu ke shafa wa kibiya, don ya saki naman jiki, likita ya yi aiki a ciki ba tare da an zurfafa barci ba.

Amma dafi dafi ne, yana sakin har naman da ke jan numfashi. A 1954 Beecher da Todd suka buga lissafin banju da aka bayar kusan sau 600,000 a asibitoci goma na Amurka, suka ga banju na da hannu cikin mutuwar mutum ɗaya a kowane 1,560, kuma waɗanda aka ba kurare sun fi mutuwa wajen ninki shida. Ba a jefar da maganin ba, sai aka koyi cewa wanda aka ba shi dole a riƙa hura masa iska har ya sake shi sarai. Haka kuma a 1946 Curtis Mendelson ya bi haihuwa 44,016 a Niyok, ya sami mata 66 waɗanda abin da ke cikinsu ya taso ya faɗa huhu suna cikin banju. Daga nan ne dokar hana cin abinci kafin fiɗa ta yi ƙarfi. A 1972 kuma wani injiniya na Japan, Takuo Aoyagi, ya gano yadda za a auna iskar da ke cikin jini ta hasken da ke ratsa fata. Ita ce 'yar na'urar nan da a ke maƙala wa a yatsa, wadda ta kan yi ƙara tun kafin leɓe ya sauya launi. Da irin waɗannan, a asibitocin da ke da kayan aiki da ƙwararru, mutuwa saboda banju kansa ta koma wajen ɗaya cikin 100,000.

YADDA A KE ZAƁI YAU

To, ga abin da wannan dogon tarihi ya bar mana. Yau hanya huɗu ce a gaban likita. Ta fari, a kashe ɗan wurin da za a taɓa kaɗai, kamar wajen ɗinkin rauni, ko cire haƙori, ko cire yanar ido. Ta biyu, a kashe yanki guda, hannu ɗaya ko daga cibiya zuwa ƙasa, da allurar jijiya ko ta baya. Ta uku, a ba da maganin kwantar da hankali, mutum ya yi gyangyaɗi yana numfashi da kansa, in an kira shi ya amsa, irin abin da Snow ya yi wa Sarauniya. Ta huɗu, cikakken barci, da allura irin su furofofol da tururin zamani wanda ba ya cin wuta, sau da yawa da bututu a maƙogwaro. A kan kuma haɗa biyu, misali allurar baya da ɗan maganin gyangyaɗi.

Babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Mace da za a ciro wa jariri an fi yi mata allurar baya, don ta riƙa numfashi da kanta, ta kuma ji kukan ɗanta na fari. Amma in ta zubar da jini da yawa allurar baya na iya ƙara kayar mata da bugun jini, sai a bi wata hanya. Ƙaramin yaro ba zai kwanta shiru ba, ga shi cikakken barci ya fi. Tsoho mai raunin zuciya, in aikin ya yarda, a kan so a kashe wurin kaɗai. Aikin ƙirji ko na cikin ciki mai tsawo sai cikakken barci. A asibitin karkara inda kayan aiki suka yi ƙaranci an fi dogara ga allurar baya da ketamin, wanda aka haɗa a 1962, domin ba ya cika danne numfashi ko kayar da bugun jini, ko da ya ke ya kan kawo munanan mafarkai wajen farkawa. Kada kuma a raina maganin gyangyaɗi a ce ƙarami ne. Tsakaninsa da cikakken barci babu katanga, ɗan ƙari kaɗan ya ƙetarar da mutum, saboda haka shi ma sai da mai tsaro a kai.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Zaɓin nan ba ya yiwuwa daidai sai mara lafiya ya taimaka. In an ce kada a ci abinci awa shida kafin aiki, ruwa kuwa a tsaya a inda likita ya ce, to, kada wata gwaggo ta ji tausayi ta ba shi koko a ɓoye, tausayin nan na iya zama ajalinsa. A faɗa wa likita gaskiya, ko akwai asma, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko sikila, ko juna biyu, ko wani magani ya taɓa ɓata wa mutum jiki, ko wani ɗan'uwa ya taɓa shan wuya a banju. A faɗi jiƙo da sassaƙen da a ke sha, da taba, da ƙwayoyi, ba kunya a nan. Mara lafiya kuma yana da ikon ya tambaya wace hanya za a bi da shi, don me, wa zai tsaya a kansa.

Sa'an nan akwai abin da ya shafe ku ku kanku. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun fiɗa da banju mai aminci a kan kari da kuɗin da za su iya biya. A 2018 aka buga binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka ga wanda aka yi wa fiɗa a Afirka ya fi na sauran duniya haɗarin mutuwa ninki biyu, mafi yawan mutuwar kuwa a kwanakin bayan aiki ta ke aukuwa, sa'ad da babu isassun masu lura. Magungunan an riga an samo su, waɗansu sun biya da idanunsu, waɗansu da rayukansu. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mutanen da suka koyi awo da tsaro, likitoci da nas-nas masu haƙurin tsayawa a kan mara lafiya tun daga ɗigon fari har ya buɗe ido ya faɗi sunansa.

Aiki ne wanda ba a cika yaba wa mai shi ba, gama wanda aka yi wa yana barci, in ya farka likitan fiɗa ya ke gode wa. Duk da haka muna fata cikin masu karanta wannan shafi, maza da mata, a sami waɗanda za su sa shi a ransu tun yanzu, su dage da lissafi da kimiyya. Sauran kuwa, in ranar ta zo wani naku ya yi tambayar nan ta ko zai farka, ku zauna ku ba shi labarin Snow da awonsa, da Clover da yatsansa a kan jijiya, sa'an nan ku raka shi asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuwa ya ƙara mana lafiya, amin.